Kafin a Goge Kwamfuta, a Saurari Shaidarta

Tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, wadda kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, alhali kuwa Windows 11 ta gindaya sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci masu yawa ba su cika ba, masu riƙe da irin waɗannan na'urori, musamman na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, sun sami dalilin waiwayar Linux, wato babbar manhajar nan da Linus Torvalds ya aza harsashinta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, wadda kuma rubutunta a buɗe yake ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Wannan alheri ne babba, domin na'urar da aka yanke wa ƙauna tana iya ƙara shekaru tana aiki da Ubuntu ko Debian ko Linux Mint.

Sai dai ran da wayfay ya ƙi kamawa, ko allo ya yi baƙi ƙirin bayan an kunna, hukuncin da aka fi saurin yankewa a rumfunan gyara shi ne: “Alhaji, sai an yi mata fomatin.” Ni kuwa ina ganin wannan hukunci, in an yanke shi ba tare da bincike ba, cutarwa ne ga mai kaya, saboda yakan salwantar da takardu da hotunan da aka daɗe ana tarawa, sa'an nan sau da yawa illar tana nan daram bayan an gama, tun da ba a taɓa asalinta ba. Alƙali adali ba ya zartar da hukunci sai ya nemi bayyina ya saurari shaidu, kuma falalar Linux a wannan babi ita ce tana rubuta shaidarta da kanta, abin da ya rage kawai a sami mai haƙurin karantawa.

Duk abin da ya wakana tun daga lokacin da aka danna maɓallin kunnawa, na lafiya da na akasi, yana shiga wani kundi da ake buɗewa ta tagar umarni. Wanda ya rubuta journalctl -b zai ga labarin wannan kunnawar daga farko har zuwa inda ake. In ya ƙara -1 a ƙarshe zai ga na wadda ta gabace ta, wato, in sandarewa ce ta sa aka sake kunnawa, daidai wadda na'urar ta sandare a cikinta. In kuma layukan sun yi masa yawa, sai ya ƙara -p err domin a tace masa kurakurai zalla. Umarnin dmesg yana nuna abin da cibiyar manhajar ta faɗa game da sassan jikin na'ura, lspci da lsusb kuwa suna lissafa waɗannan sassa da sunayensu na haƙiƙa, abin da ke da matuƙar amfani ga kayan hannu, waɗanda ba kasafai abin da ke cikinsu yake dacewa da abin da aka liƙa a bayansu ba.

Mas'ala ta farko da ya wajaba a warware ita ce ko illar a gangar jikin na'ura take ko a manhaja, kuma babu ma'aunin da ya kai filashi mai ɗauke da Linux sauƙi a nan, domin ana iya tayar da kwamfuta daga kansa ba tare da an taɓa abin da ke cikin faifan ajiya ba. Idan matsalar ta ɓace, to, lalle laifin yana ga abin da aka girka ko aka sauya. Idan kuwa ta biyo na'urar har can, zargi ya karkata ga ƙarfen kansa ko ga rashin direban da ya dace da shi, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa wannan sashe. Daga nan sai a bi sassa ɗaya bayan ɗaya. Ana gwada ram da memtest86+, a bar shi ya kwana yana aiki, kuma kuskure ko da ɗaya ne ya isa hujja. Ana tambayar faifan ajiya lafiyarsa da smartctl, tun da faifai yana ƙidaya gurabensa da suka lalace. Ita kuwa kwamfutar da ke mutuwa farat ɗaya ana tsakiyar aiki, a ƙasa irin tamu mai zafin bazara da ƙurar hunturu, ya kamata a fara duba fankarta, domin in an kwance murfin akan tarar da ƙura ta dunƙule ta toshe mafitar iska, injin kuma in zafinsa ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu ko ya kashe kansa don kada ya ƙone.

Akwai wata illa ƙarama da ke ruɗa mutane ƙwarai. A jikin allon uwa na kwamfuta akwai wani ɗan batir mai siffar kwabo, galibi CR2032 mai ƙarfin bolt 3, wanda aikinsa riƙe agogo sa'ad da na'ura take kashe. In ya mutu, kwanan wata yana iya komawa shekaru baya, kuma muddin na'urar ba ta sami daidaita agogonta ta intanet ba, shafuka masu tsaro za su ƙi buɗuwa, sabuntawa ma ta ƙi sauka, saboda a lissafin kwamfutar lokacin takardun shaidarsu bai zo ba tukuna. Mai ita sai ya ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga, alhali da ya ɗaga ido ya dubi kwanan watan da ke kusurwar allo da ya gane komai. Haka nan wanda ya haɗa Windows da Linux a na'ura guda yakan ga agogo ya saɓa da sa'a ɗaya, domin Linux tana ajiye lokacin duniya na bai ɗaya, Windows kuwa na gari, mu kuma a Nijeriya da Nijar muna gaba da sa'a guda.

Batun direba shi ne inda aka fi ɗora wa Linux laifin da ba nata ba. Wasu kamfanoni, irin su Broadcom a fannin wayfay da Nvidia a fannin hoto, sun daɗe suna riƙe asirin kayansu, har Torvalds ya fito fili ya caccaki Nvidia a 2012, kuma sai a 2022 kamfanin ya buɗe wani ɓangare na direbansa. A cikin shekarar ce ma'abota Debian, bayan doguwar muhawara tsakanin masu tsayawa kan aƙidar buɗaɗɗiyar manhaja da masu duba maslahar jama'a, suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da shigar da wasu daga cikin irin waɗannan rufaffun abubuwa cikin faifan girkawa, aka soma da Debian 12 a Yunin 2023, kuma a ganina sun dace. Wanda wayfay ɗinsa ya ƙi, ya fara rubuta rfkill list, don sau tari maɓalli ne aka taɓa bisa kuskure. In ba shi ba ne, ya jona wayarsa da igiya ya ari intanet ɗinta, ya buɗe sashen ƙarin direbobi da ke cikin Ubuntu ko Mint ya zaɓi wanda aka nuna masa.

Idan an ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, umarnin sudo dpkg --configure -a yakan ƙarasa abin da ya katse. Idan sabuwar cibiya ce ta kawo baƙin allo, tsohuwar tana nan a jerin GRUB, wato jerin da ake zaɓar abin da za a tayar da na'ura da shi, ana kaiwa gare shi da riƙe Shift ko danna Esc yayin kunnawa. Idan kuma an kasa shiga sam, a danna Ctrl da Alt da F3 tare, a rubuta df -h, domin faifan da ya cika maƙil yana hana shiga.

Sharuɗɗa biyu nake roƙon mai gyara ya kiyaye: kada ya sauya abu biyu a lokaci guda, don ya san wanne ya yi magani, kuma kada ya kwafo umarni mai farawa da sudo bai fahimci ma'anarsa ba, domin wannan kalma tana ba da ikon rusa komai. Faifan da aka ji yana ƙwanƙwasa kuwa, ko wanda smartctl ya nuna gurabensa suna ta mutuwa, kada a yi masa fomatin, kada ma a ce za a gyara shi. A tayar da na'urar daga filashi, a kwashe takardun mai ita zuwa wani faifan tun yana iya karantuwa, sa'an nan a sayo sabo.