Daga Sakkwato Zuwa Yerwa A Jirgin Sama

Malamin makaranta a Mashi in ya shimfiɗa taswirar Arewa, ya miƙa zare daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato zuwa filin Maiduguri, zai ga zaren ya ratsa ƙasar Katsina, ya bi ta kudu da Mashi da Daura, ya wuce arewa da birnin Kano. Tsawonsa kamar mil 535 ne, watau wajen kilomita 860. Wannan ita ce tazarar da ke tsakanin filayen biyu, ɗaya a ƙuryar yamma, ɗaya a ƙuryar gabas.

To, sa'a nawa ke nan? Wannan ya danganta ga irin jirgin. Jirgin nan mai farfela biyu da ake kira Dakota, wanda ya yi ta jigilar mutane a ƙasar nan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yakan ci kamar mil 180 a sa'a, saboda haka sa'a 3 ce tafiyarsa. Manyan jiragen yanzu kuwa suna cin mil 500 a sa'a. A takarda sa'a ɗaya da 'yan mintoci ke nan, amma sai a ƙara lokacin tashi da na sauka, gama jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sai ya yi sama sosai. A ce dai sa'a ɗaya da rabi, in hazon hunturu bai tsare shi a ƙasa ba.

Akwai wani abin mamaki da ya kamata a nuna wa yara. Tsakanin garuruwan nan biyu akwai digiri kusan 8, kuma rana takan ci minti 4 a kan kowane digiri. Saboda haka mutanen Yerwa sukan riga na Sakkwato shan ruwa da kamar rabin sa'a, su kuma riga na Mashi da kamar minti 20, ko da yake agogonsu duka ɗaya ne. Mai azumin da ya tashi gabas da la'asar ya rage wa kansa jira.

Amma lissafin zare daban, tafiyar matafiyi daban. Galibi wanda ya nufi Yerwa daga Sakkwato sai an kai shi Abuja tukuna, mil 300 da ɗoriya, ya zauna jiran wani jirgin, sa'an nan ya sake yin mil 440. Jimla mil 750 ba kaɗan, har ta ɗara hanyar mota ta Gusau da Kano da Potiskum, wadda take wajen mil 700. Ga kuɗin tikiti biyu, ga yini guda ya tafi, wani lokaci har da kwana.

Mu a ganinmu wannan koma baya ne. Jiragen sojan Ingila guda 3 da suka fara sauka Kano a 1925 daga Masar suka taso, ta gabas. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano, yana ya da zango a Maiduguri. Ashe tun fil azal hanyar sama ta ƙasar nan daga gabas zuwa yamma ta miƙe, daidai da hanyar da alhazan da suka bi da ƙafa. Yau kuwa ɗan kasuwar Sakkwato mai hulɗa da Barno sai ya gangara kudu kafin ya ga gabas.