Adebayor ya faɗa, mu muna ta "babu gajiya"

A watan Mayun 2015 Emmanuel Adebayor, ɗan ƙwallon Togo da ke Tottenham a lokacin, ya hau Facebook ya amayar da abin da ke cinsa: rigimar kuɗi da dangi, har da tunanin kashe kansa. Mutumin da ya tsira daga harin bindiga a Kabinda a 2010 ke nan fa.

A Zongon Sokode na ji masu cewa ya tona asirin gida. Ni ban ga laifinsa ba. Duk mai safarar kaya tsakanin Sokode da Dapaong ya san wannan nauyin. Waya ta yi ƙara daga gida: kuɗin makaranta, asibiti, biki. Ka tura, ko da uwar kuɗi ce ta taɓu. Ka kwana ido biyu a tasha, da safe a ce ina gajiya, ka ce babu.

Likitoci na kiransa ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Sai dai asibitin ƙwaƙwalwa na Zebe yana can Aneho, bakin teku, tafiyar yini daga Dapaong. Shi ya sa in abokin fatauci ya turo mini saƙon murya tsakar dare, ba na bari sai gobe.