Yadda hawan jini ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya

 Tun ranar da muka taɓo zancen hawan jini a filin kiwon lafiya, wayarmu ba ta huta ba, kuma tambaya guda ce ke ta dawowa. Wani bawan Allah ya kira daga ƙauye ya ce mahaifinsu ya dawo daga gona lafiyarsa lau, ya zauna zai yi alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Da aka kai shi likita aka ce tansiyo ce. Shi abin da ya ɗaure masa kai, tsohon bai taɓa kwanciya ciwo ba, to ta yaya cutar da ba ta taɓa hana shi noma ba za ta kayar da shi rana ɗaya?

Amsar ita ce, ba rana ɗaya ta kayar da shi ba. Ranar ce dai aka gani. Ɓarnar ta yi shekaru tana gudana a cikin jiki ba tare da ciwon kai ko jiri ba, don mafi yawan masu hawan jini ba su jin komi.

Duk wanda ya taɓa aikin garka da injin ban-ruwa zai gane zancen da sauri. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, kowane bugu yana tura jini da ƙarfi cikin jijiyoyi. Wannan ƙarfin turawar shi ake aunawa idan aka ɗaura maka abin awo a damtse. Lamba biyu ake ba ka: ta sama ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. A nan Nijar majo zai ce maka "12 da 8", ɗan uwanka da ke Kano ko Kumasi za a ce masa 120 da 80. Abu ɗaya ne, sifiri kawai aka cire. Idan aka auna mutum a ranaku biyu daban-daban aka samu 14 da 9 ko sama da haka, to yana da hawan jini, ko da shi ne ya fi kowa ƙarfi a garin.

To ka ɗauki injin da ake tilasta wa tura ruwa da ƙarfin da ya wuce kima, dare da rana, shekara goma ko ashirin. Tiyon zai gaji, injin ma zai gaji. Haka abin yake a jiki. Cikin jijiya yana da wata shimfiɗa mai santsi wadda jini ke bi ba tare da ya maƙale ba. Ƙarfin jini yana kankare wannan shimfiɗar sannu a hankali, inda ya kankare sai kitse ya riƙa taruwa, bangon jijiyar ya yi kauri ya yi tauri, hanyar ta ƙuntata. Ita kuma hanya idan ta ƙuntata, sai zuciya ta ƙara ƙarfi kafin jini ya wuce, hawan jinin ya ƙara hawa.

A ƙwaƙwalwa abu biyu ke faruwa. Ko dai gudan jini ya zo ya toshe jijiyar da ta riga ta ƙuntata, sashen ƙwaƙwalwar da take ciyarwa ya rasa jini ya fara mutuwa cikin ƴan mintoci, ko kuma wata ƴar siririyar jijiya da ta gaji ta fashe, jini ya malala cikin kai ya danne ƙwaƙwalwa. Duka biyun su ne likitocinmu ke kira AVC, mu kuma mu ce shanyewar ɓarin jiki. Toshewar ta fi yawa a duniya, amma fashewar ta fi kisa, kuma ita ce ta fi alaƙa da hawan jinin da ba a kula da shi ba. Abin da ke sa gefe ɗaya ne ke mutuwa, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya gefen dama na jiki, na dama kuma ya juya hagu. Ga yawancin mutane wurin magana yana hagu, shi ya sa wanda hannunsa na dama ya shanye sau da yawa har da magana yake rasawa.

Na san a garuruwanmu da dama idan haka ta faru cewa ake iska ta buge shi, ko an yi masa jifa, musamman da yake abin kan zo da asuba ko a bayan gida. Ba ina raina tunanin kowa ba ne. Amma jinin mutum ya saba hawa da sassafe lokacin tashi daga barci, kuma yunƙuri yana ƙara tura shi sama. Addu'a ba ta hana a sa marar lafiya a mota a nufi likita, ana tafe ana yi.

Ita kuwa zuciya, wahalarta iri biyu ce. Tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita, idan ɗaya ta toshe sai mutum ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, zufa ta karyo, wani lokaci ciwon ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi. Wannan shi ne bugun zuciya mai kashewa farat ɗaya. Amma abin da aka fi gani a ƙasashenmu na Afirka shi ne gajiyar zuciya. Naman zuciya yana yin kauri saboda aikin ƙarfi, kamar damtsen maƙeri, sai dai a zuciya kaurin ba alheri ba ne. Tana yin tauri, daga baya ta buɗe ta saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Za ka ga dattijo yana haki daga ɗaki zuwa masallaci, ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai, takalmi ya daina shiga. A gida a ce sanyi ne ko asma. Ƙoda da idanu ma ba su tsira ba, don su ma siraran jijiyoyi ne ke riƙe da su.

Wannan ba matsalar ƙauyenmu ba ce kaɗai. A watan Satumba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta fitar da rahotonta na farko a kan hawan jini a duniya baki ɗaya. Ta ce masu ɗauke da shi sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyar 1 da miliyan 300 a 2019. Wato cikin manya uku, ɗaya yana da shi. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma cikin biyar ɗaya ne kawai jininsa ya sauka inda ake so. Sama da mutum miliyan 10 ke mutuwa kowace shekara sanadinsa. Cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kisa a duniya: a 2019 sun ɗauke rayuka wajen miliyan 18, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan mace-macen shekarar.

Su kansu Turawa ba da daɗewa suka gane haɗarin ba. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a watan Afrilu na 1945 yana da shekara 63, jijiya ce ta fashe masa a kai, awon jininsa a ranar ya kai 30 da 19 a lissafinmu. A zamanin likitoci da yawa suna ɗaukar hawan jini abu ne da ke zuwa da tsufa, ga shi babu wani maganin kirki. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum fiye da 5,000 a wani gari mai suna Framingham, shekara da shekaru, daga nan ne aka tabbatar cewa yadda awon jini ke hawa haka haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya ke hawa. Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci, suka riƙa awo suna ba da magani, mace-macen sun ragu ƙwarai. Yau yawancin masu hawan jini suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne da matsakaita, ba a Turai ba. Saboda haka zancen wai ciwon masu kuɗi ne ko na ƴan birni masu tumbi, a bar shi. Siririn manomi ma yana kamuwa.

Nan kusa da mu an yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa sakamakonsa a 2018. Ya nuna cewa cikin shanyewar jiki goma a yankin, wajen tara suna da nasaba da hawan jini. A lissafin duniya baki ɗaya kuwa wajen rabi ne. Kun ga ke nan mu abin ya fi shafa.

Me ke kawo shi? Akwai gado, akwai shekaru, waɗannan ba yadda za a yi da su. Akwai ƙiba, rashin motsa jiki, taba, giya, ciwon suga da ciwon ƙoda. Amma bari in tsaya a kan gishiri, don shi ne ke cikin tukunyar kowa. OMS ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi ma bai cika ba, alhali abin da mutanen duniya ke ci ya ninka haka. Kuma ba wanda uwargida ta barbaɗa da hannu kaɗai ake nufi ba. Dunƙulen magi wajen rabinsa gishiri ne, mu kuwa sai a jefa uku ko huɗu a miya ɗaya sannan a ƙara gishiri. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga busasshen kifi. Sai kanwa, wadda mutane ba su lissafa ta don ba ta da ɗanɗanon gishiri, alhali sinadarin sodiyom da ke sa gishiri ya riƙe ruwa a jiki yana cikinta. Muna sa ta a wake, a miyar kuɓewa, a kunu, masu cin taba ma da ita suke haɗawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura mata masu jego da yawa suna zuwa da gajiyar zuciya, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Iyayenmu mata, a yi haƙuri, ba cewa na yi a bar kula da mai jego ba. Amma wadda aka ce jininta ya hau lokacin ciki, ko ta yi jijjiga wurin haihuwa, a nisanta ta da kanwa, a ci gaba da auna ta bayan suna.

Sai maganar magani, inda a ganina nan muka fi yin asara. Magungunan hawan jini irin su amlodipine sun daɗe, ba su cikin masu tsada, kuma suna aiki. Bincike ya nuna idan lambar sama ta sauka da ɗaya tak, misali daga 16 zuwa 15, haɗarin shanyewar jiki yana raguwa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Matsalar ita ce mun saba da maganin zazzaɓi, kwana uku a warke a ajiye. Wannan ba haka yake ba. Ba ya warkar da cutar, riƙe ta yake yi, ranar da aka bari sai jinin ya koma inda yake. Mutum ya sha wata ɗaya, a auna a ce 13 da 8, ya ce alhamdu lillahi na warke, ya jefar da takardar. Ai maganin ne ya kawo 13 ɗin. Ni kaina akwai gwaggona da sai ta ji kanta na sarawa take ɓallo ƙwaya ɗaya ta sha, mun sha faɗa da ita a kan haka. Idan magani yana sa ka kumburin ƙafa, ko tari, ko yawan fitsari, koma wurin wanda ya rubuta maka, akwai wani iri da za a canza maka. Mai azumi ya tambaya a daidaita masa lokacin sha, mai ciki kuma kada ta sha na wani, don akwai waɗanda ke cutar da ɗan tayi. A kuma yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan tebur irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda manoma ke sha kullum bayan aiki. Suna ƙara hawan jini, suna kuma taɓa ƙoda.

Idan kuma abin ya riga ya faru, ga abin dubawa. Ka ce wa mutum ya yi murmushi, ka ga ko baki ya karkace. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka ga ko ɗaya na faɗuwa. Ka sa shi ya yi magana, ka ji ko harshe ya yi nauyi. Ko ɗaya aka gani, a nemi mota nan take, kada a ce a bari gari ya waye. Ko da alamun sun wuce bayan ƴan mintoci, a je, don sau da yawa gargaɗi ne kafin babbar ta zo. Kada a ɗura masa ruwa, ko fura, ko rubutu, domin maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, abin zai iya wucewa huhu. Kada a ba shi aspirin, don idan fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi, kuma ba a bambance toshewa da fashewa sai da hoton kai a babban asibiti. A kwantar da shi ta gefe, a riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya.

Ƴan uwanmu da ke Legas, Abidjan, Agadas, Libiya, Aljeriya ko Faransa, ku da ke aiko da kuɗin asibiti bayan tsoho ya faɗi, akwai abin da ya fi wannan sauƙi. Na'urar awon jini mai batir, ta ɗaurawa a damtse, guda ɗaya ta ishi gida har da maƙwabta, kuma duk yaron da ya yi lakwal zai iya karanta lambar. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur ko matashi daidai ƙirji, ba magana, ba a gama shan shayi ko taba ba. A auna sau biyu, a rubuta a littafi da kwanan wata, a tafi da littafin CSI. In kun kira gida kuna tambayar ruwan sama da farashin hatsi, ku tambayi lambar Baba da ta Inna, ku kuma tambaya ko maganin wannan watan ya ƙare. Ku ma da ke can kuna aikin ƙarfi kuna cin abincin kanti, ku miƙa hannu a auna ku, don ɗan shekara 35 ma yana faɗuwa.