Jirgin Dufuna da Shaidar Harshe kan Tafiyar Ɗan'adam a Ruwa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi tambaya guda: me harshe zai iya faɗa game da lokacin da ɗan'adam ya fara ƙetare ruwa ya zauna a tsibirai? Masu haƙar kayan tarihi sun nuna cewa mutane sun isa Ostareliya aƙalla shekara 50,000 da suka wuce, kuma ba a isa can sai an ratsa teku. Sai dai ba a sami jirginsu ba, domin itace ruɓewa yake yi.

2.0 Jirgin Dufuna

A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da itace a zurfin mita 5. Wurin yana kusa da Komadugu Gana, wato kogin Misau, wanda ya taso daga ƙasar Bauchi. A 1994 Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci tono shi. Kwalekwale ne da aka sassaƙa daga gungumen maɗaci guda, tsawonsa mita 8.4, shekarunsa kimanin 8,000. Ba a sami jirgin da ya girme shi a Afirka ba. A wancan zamani Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Kyan sassaƙar gaba da bayan jirgin ya nuna cewa sana'ar ta daɗe kafin a yi shi.

3.0 Shaidar Harshe

Inda itace ya ɓace, harshe kan tsaya shaida. A 1951 Otto Dahl ya nuna cewa harshen mutanen tsibirin Madagaska ɗan'uwan Ma'anyan ne na tsibirin Borneo, alhali Tekun Indiya na tsakaninsu. Ke nan kalmomi ne suka nuna inda matuƙan suka fito.

A Hausa ma akwai abin lura. Asalin ma'anar "jirgi" abin fito ne. Sai bayan da dogo ya iso Kano a 1911 aka bukaci rarrabe "jirgin ruwa" da "jirgin ƙasa", daga baya kuma "jirgin sama". Amma a ganin wannan maƙala, kuskure ne a ɗora wannan kalma, ko wata ta Kanuri, a bakin masassaƙan Dufuna, domin shekara 8,000 sun wuce tarihin kowane harshe namu a siffarsa ta yau. Hanyar da ta fi dacewa ita ce kwatanta kalmomin jirgi da tuƙi da su a harsunan iyalin Chadi, musamman Buduma, harshen mazauna tsibiran tafkin, a ware gadaddu daga ararru, kafin a yanke hukunci.