TAYA ƘAFAR MOTA: YADDA AKE ZAƁEN WADDA TA DACE DA HANYOYIN KARKARA

A ƙauyukan ƙananan hukumomin Batsari da Safana, motar a-kori-kura ita ce jakin zamani. Ita ke kwaso rogo da dankali da gero daga Darini da Ruma da Wagini zuwa kasuwar Batsari. Ita ke kai takin zamani gona da farkon damina. Ita ce kuma motar asibiti idan naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare. Haka nan ma'aikatan lafiya da malaman gona suna shiga lungu-lungu da motocin jif, har wuraren da ƙaramar mota ba ta isa ta leƙa ba.

To amma komai ƙarfin inji, taya huɗu ce kawai ke taka ƙasa. Idan ɗaya ta fashe ana cikin gudu, ga kaya ga mutane a baya, abin da zai biyo baya sai dai a ce Allah ya kiyaye. Ko da motar ba ta kife ba, a wannan zamani da ƙauyukan gefen dajin Rugu suka sha fama da ɓarayin daji, tsayawa canjin taya a dokar daji bayan magariba ba ƙaramin haɗari ba ne. Saboda haka ya kamata duk mai mota, da direba, da ƙungiyar manoman da ta haɗa kuɗi ta sayi mota, su san yadda ake zaɓen taya. Abu biyu ake dubawa: irin hanyar da motar ke bi, da nauyin da take ɗauka. Abin da kowace taya za ta iya kuwa, an rubuta shi a gefenta.

HANYA IRI-IRI A TAFIYA ƊAYA

Direban da ya tashi daga ƙauye zuwa birnin Katsina ko Dutsin-ma yakan taka hanya iri huɗu kafin ya isa. Akwai rairayi, musamman a gulbi da ƙorama da rani, inda mota ke nutsewa. Akwai taɓo da laka daga watan Yuli zuwa Satumba, inda taya ke juyawa wuri ɗaya. Akwai burji da tsakuwa da kaifin dutse, ga kututture da ƙayar aduwa masu huda gefen taya. Daga ƙarshe sai kwalta, wadda kan yi zafi ƙwarai da bazara, kuma a kanta ne direba ke sakin gudu. Tayar da za ta amfani mutumin karkara sai ta iya da dukan huɗun.

TAYA IRI UKU

Kamfanoni suna yin tayar a-kori-kura da jif iri uku, kuma galibi sukan rubuta haruffa biyu kusa da sunan tayar.

Ta farko ita ce mai alamar H/T, wato tayar kwalta. Zanenta ƙanana ne a matse. Ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai da yawa, kuma tana daɗewa a kan titi. Amma da ta shiga taɓo sai laka ta cike zanen, ta koma sumul kamar an shafe ta. Wannan ta mutumin birni ce wanda ba ya sauka daga kwalta.

Ta biyu ita ce mai alamar M/T, wato tayar taɓo. Haƙoranta manya ne, da tazara mai faɗi a tsakaninsu, shi ya sa take watsar da laka tana kama ƙasa. Matasan direbobi suna sha'awarta saboda kwarjini. Sai dai a kan kwalta tana gurnani, tana ƙara shan mai, tana saurin cinyewa, kuma birki ba ya kama ta sosai idan titi ya jiƙe. A cikin rairayi ma takan haƙa rami ta binne motar. Ta dace ne da motar da kusan duk aikinta a fadama yake.

Ta uku ita ce mai alamar A/T, wato tayar kowace hanya. Tana tsakanin biyun. Haƙoranta sun fi na tayar kwalta girma da zurfi, ba su kai na tayar taɓo ba, kuma da yawa daga cikinta an ƙarfafa gefenta don jure dutse da kututture. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da irinta tun shekarar 1976, yanzu kuwa kusan kowane babban kamfanin taya yana yi. Ba ta kai tayar kwalta laushin tafiya ba, ba ta kai tayar taɓo iya laka ba, amma ba ta kunyata mai ita a ko'ina. Ga motar da ke kwana a ƙauye ta wuni tsakanin burji da kwalta, ita ce ta fi dacewa.

KARANTA GEFEN TAYA

Sanin iri kaɗai bai isa ba. Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya sauko da tayar, a share gefenta, a duba abubuwa huɗu.

1. Girma. Za a ga lambobi kamar 265/65 R17. Lamba ta farko, 265, faɗin tayar ne a ma'aunin milimita. Ta biyu, 65, tana nuna tsayin gefen tayar, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin. Ta ƙarshe, 17, girman ƙarfen da ake sa tayar a kai ne a ma'aunin inci. Wasu motocin kuma girman tayarsu 205 R16 ne ko 7.50 R16. Girman da ya dace da kowace mota yana rubuce a littafinta, ko a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. Kada a sa wadda ta fi wannan girma don burgewa, domin za ta riƙa gogar jikin mota idan an yi lodi, ta kuma wahalar da giya da birki. Ga hanyar gargada, taya mai dogon gefe ta fi mai gajeren gefe, saboda ita ke shanye duka idan an faɗa rami.

2. Ƙarfin jiki. A nemi harafin C bayan lambar girma, ko haruffan LT. Waɗannan suna nuna cewa an yi tayar ne don motar ɗaukar kaya. Wani lokaci za a ga 6PR ko 8PR ko 10PR. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarfin jikin tayar. Taya biyu za su iya zama girma ɗaya, zane ɗaya, amma ɗaya ta motar shiga ce, ɗaya ta kaya. Wanda ya sa ta shiga a ƙarƙashin buhunan masara ya ɗora wa ɗan maraƙi kayan sa.

3. Nauyi. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 110R. Lambar ba kilo ba ce, alama ce ta iyakar nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka idan iskarta ta cika. Lamba 104 tana nufin kilo 900. Lamba 108 kilo 1,000. Lamba 110 kilo 1,060. Lamba 112 kilo 1,120. Idan an ga lamba biyu kamar 110/108, ta farkon ce ta motar da ke da taya ɗaiɗai a baya. Harafin kuma iyakar gudu ne, kuma ba shi ne damuwar direban karkara ba. A tuna cewa nauyin ita kanta motar yana cikin lissafi. Yawancin a-kori-kura irin Hilux an ƙera su ne don kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, har da nauyin mutanen da ke ciki. Wanda ya loda buhu ashirin ya kuma ɗora mutum goma a sama, babu tayar da za ta daɗe masa.

4. Ranar da aka yi ta. Wannan shi ne abin da aka fi cutar jama'a da shi. A nemi haruffan DOT a gefen taya, a bi layin zuwa ƙarshe. Za a ga lambobi huɗu a cikin wani ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2322, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2022. Idan an ga 0519, mako na 5 ne na 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta lambobi huɗu. Duk tayar da lambobinta uku ne, ta girmi wannan shekara, ba ta da sauran amfani a mota. Roba tana tsufa ko da ba a taka ta ba, balle a ƙasa mai zafi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yi wa direbobi gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da yi. Taya tana iya zama sabuwa fil a ido, alhali ta shekara biyar a ajiye a shago. Idan aka ga alamar an kankare lambobin ko an sake buga su, a bar ta.

BATUN 'YAR KWATANO

A da ana yin taya a Nijeriya. Kamfanin Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, ya rufe ta a 2007. Dunlop ma ya daina yi a masana'antarsa ta Legas a 2008. Daga nan aka dogara ga ta waje, tsada ta ƙaru, mutane da yawa suka koma ga tsohuwar taya da ake kira 'yar kwatano, duk da cewa tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su.

Ba a musun cewa tana da araha. Amma araha ba ta ado. Wanda ya sayar da ita a can ƙasar Turai ya san dalilin da ya sa ya cire ta, wanda ya saya a nan bai sani ba. Wata an yi ta ne don ƙasar ƙanƙara, wani lokaci akan ga kalmar WINTER a gefenta. Robarta laushi gare ta, zafin kwaltar watan Afrilu yana cinye ta da wuri. Wata kuma ta suɗe, sai aka sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, aka shafe ta da baƙin mai. Irin wannan ba ta da sauran tsoka tsakanin zane da waya.

A yi lissafi mai sauƙi. Idan mutum ya sayi tsohuwa a rabin kuɗin sabuwa, amma ya canza ta sau uku kafin sabuwar ta ƙare, ya biya kuɗin sabuwa ɗaya da rabi. Ba a ma sa kuɗin faci, da ranakun kasuwar da ya rasa, da rogon da ya lalace a hanya ba.

Idan lalura ta sa dole sai tsohuwa, to a duba ranar yin ta. A murza gefenta a ga ko akwai tsattsagewa. A shafa a ji ko akwai ƙulli ko kumburi, domin wannan alama ce ta wayar ciki ta tsinke. A leƙa cikinta a ƙidaya faci. A duba tsakanin zane, akwai wasu 'yan tudu da kamfani ya sa a zurfin milimita 1.6. Idan zane ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Ga hanyar taɓo ma tun kafin nan take daina kamawa.

BAYAN AN SAYA

Tayar kirki ma sai da kula. Ga abubuwan da ya kamata a kiyaye:

A sa taya iri ɗaya, girma ɗaya, a hagu da dama. Motar da ƙafafunta huɗu ke ja kuwa, a daidaita dukan huɗun. Idan biyu kaɗai aka samu ikon saya, kamfanonin taya suna ba da shawarar a sa sababbin a baya, domin idan baya ya kwace wa direba, sitiyari ba ya iya dawo da shi.

A auna iska da geji da safe kafin mota ta yi tafiya, aƙalla duk ranar kasuwa kafin lodi. Bugun taya da ƙafa ko da sifana ba awo ba ne. Adadin iskar yana rubuce a takardar nan ta jikin ƙofa, kuma sau da yawa akwai na mota ba kaya da na mota da kaya. Ƙarancin iska tare da lodi shi ne babban abin da ke sa taya ta yi zafi ta fashe. Kada kuma a rage iskar tayar da ta yi zafi a hanya, domin idan ta huce za ta koma daidai.

Idan za a ratsa rairayi mai zurfi, ana iya rage iska kaɗan don tayar ta baje, a kuma tafi a hankali. Amma da an fito, a tsaya wurin mai faci na farko a mayar da iskar kafin a hau kwalta.

Hujin ƙusa ko ƙaya a tsakiyar zane yana facuwa. Yanka a gefen taya ba ya facuwa, ko da an ɗinke an cusa tif. Irin wannan tayar sai amalanke.

A riƙa juya tayoyi, na gaba su koma baya, kamar bayan kowace tafiyar kilomita 10,000. Idan aka ga gefe ɗaya na ci fiye da ɗaya, a kai mota a saita ƙafarta. Kada a manta da safaya. A tabbata tana da iska, girmanta ɗaya da sauran, ga jak da sifana a mota.

AMFANIN KARATU

Duk abin da aka zayyana a nan bai wuce haruffa kaɗan da lambobi ba. Wanda ya yi wata shida a ajin yaƙi da jahilci zai iya karanta su. Direban da ya iya karanta 2322 ya san shekarar tayarsa, mai shago ba zai rantse masa a kan ƙarya ba. Wanda bai iya ba tukuna, ya tafi da ɗansa ɗan makaranta ranar sayen taya, sa'an nan ya nemi ajin da ke kusa da shi ya ba da sunansa. Ana kira ga malaman azuzuwa da su kai ɗalibansu wurin mai faci ko tashar mota, a karanta gefen taya tare. Shugabannin ƙungiyar direbobi na tashoshin Batsari da Safana su ma su riƙa duba tayoyin motocin da ke lodi, musamman kafin saukar damina. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.