BABI NA UKU: SHIGARWA DA TACEWA DA MATSE BIDIYON GIDA A KWAMFUTA A BABBAN MUTUM

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani a kan matakai uku da bidiyon gida kan bi a cikin kwamfuta, wato shigarwa da tacewa da matsewa. Abin nufi da bidiyon gida shi ne hotunan bikin aure da suna da saukar Alƙur'ani da naɗin sarauta, waɗanda ake ɗauka domin iyali su ajiye. Babban Mutum gari ne a Ƙaramar Hukumar Ɓaure ta masarautar Daura, a kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Manufar babin ita ce nuna cewa matsewa aiki ne da ba a iya warware shi, saboda haka ya wajaba ya zo a ƙarshe.

3.1 Asalin Matsalar

Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da kaset na VHS a shekarar 1976. A ƙasar Hausa kuwa, harkar ta bunƙasa bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a shekarar 1990. Daga nan gayyatar mai kyamara wurin biki ta zama al'ada har a ƙananan garuruwa.

Sai dai kaset ba ya dawwama. Zafi yana lanƙwasa zarensa, ƙurar hunturu tana karce shi, danshin damina kuma yana sa masa hunhuna. Bugu da ƙari, kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera akwatin bidiyo na kaset, ya daina a shekarar 2016. Ke nan kaset ɗin da ke ɗauke da hawan Sallar Gani na zamanin Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, ko fuskar wani kaka da ya riga mu gidan gaskiya, zai iya salwanta idan ba a juye shi ba.

3.2 Shigarwa

Shigarwa ita ce juye hoto da sauti daga kaset zuwa rumbun ajiya na kwamfuta. Ana haɗa akwatin bidiyo da kwamfuta ta hanyar wata 'yar na'ura mai mayar da hoto lambobi. Idan kaset ɗin na awa uku ne, awa uku zai ci, domin sai ya yi wasa daga farko har ƙarshe. Wannan ya sa tsayayyiyar wutar lantarki ta zama sharaɗi, don idan wuta ta ɗauke a tsakiya, sau da yawa sai an sake.

Nijeriya ta bi tsarin talabijin na PAL, mai nuna hotuna tsayayyu 25 a kowace daƙiƙa. Idan aka shigar da su a cikakken girma, kowane hoto yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, wato ɗigo 414,720. Awa ɗaya ta irin wannan hoto, ba tare da matsi ba, tana cin kusan gigabait 75. Kyamarorin DV da suka fito a 1995 sun rage shi zuwa kusan gigabait 13.

Akwai kuma abin da ya shafi garuruwan kan iyaka musamman. Nijar ta bi tsarin SECAM na Faransa, don haka kaset ɗin da aka naɗa daga gidan talabijin na can kan fito fari da baƙi a akwatin da bai san tsarin ba. Mai shigarwa a Babban Mutum yana bukatar akwati mai karanta tsarin biyu, tun da zumunta da auratayya sun haɗa garin da Magarya da ƙauyukanta.

3.3 Tacewa

Tacewa ita ce yanke abin da ba a so, da jera abin da ya rage, da sa rubutu da sauti. A da, da akwatin bidiyo biyu ake yin ta, ɗaya na wasa ɗaya na naɗa, kuma kowane kwafi yakan fi na bayansa dushewa. Manhajoji irin su Adobe Premiere, wadda ta fito a 1991, sun sauya wannan. Yanzu mai tacewa yana iya ɗauko ƙarshe ya mayar farko ba tare da ya taɓa ainihin hoton ba.

Duk da haka, akwai hatsari iri biyu. Na farko, mai tacewa kan yanke wuraren da yake ganin sun yi tsawo, kamar zaman dattawa a ƙofar gida ko addu'ar liman, alhali bayan shekara ashirin su ne iyali za su fi nema. Na biyu, yakan danne sautin wurin da waƙar fim, sai kirarin maroƙi da guɗar mata da karin harshen Dauranci su ɓace. Ga mai nazarin harshe da al'ada, wannan asara ce babba.

3.4 Matsewa

Matsewa ita ce rage nauyin bidiyo domin ya shiga faifai ko waya. Dabararta ita ce, hotunan da ke bin juna sukan yi kama ƙwarai. Misali, idan ango yana zaune a ƙarƙashin rumfa, rumfar da tabarma ba su motsi, sai kwamfuta ta ajiye su sau ɗaya, ta riƙa rubuta abin da ya sauya kawai. Amma a wurin hawan dawaki, inda ƙura ke tashi kuma kowane ɗigo ke sauyawa, dabarar takan gaza, sai hoto ya farfashe ya zama murabba'i-murabba'i. Haka ma yayyafin da ke fitowa a tsohon kaset, domin kwamfuta tana ɗaukarsa a matsayin motsi.

Tsarin MPEG-1 na 1993, wanda faifan VCD ke amfani da shi, yana da ɗigo 352 da 288, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cikakken hoto, kuma faifai ɗaya yana ɗaukar minti 74 zuwa 80. Faifan DVD yana amfani da MPEG-2, yana ɗaukar gigabait 4.7, kimanin awa biyu na hoto mai kyau. Tsarin H.264 na 2003 ya fi su ƙwarewa, shi ne kuma ya yawaita a wayoyi. Haka nan WhatsApp kan sake matse bidiyon da aka tura ta cikinsa, sai dai idan an tura shi a matsayin takarda.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan tsare-tsare zubar da wani sashe na hoton suke yi. Misalinsu kamar kauɗar tumatir ne, tana da sauƙin ajiya da ɗauka, amma ko an jiƙa ta ba ta komawa ɗanye. Bidiyon da aka juye daga kaset zuwa VCD, daga VCD zuwa waya, sannan aka tura shi, ya sha matsi sau uku, har takan kai ba a shaida fuskokin da ke cikinsa. Idan kuwa an riga an yar da kaset ɗin, babu sauran gyara.

3.5 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa tsarin da ya dace shi ne a shigar da bidiyo a mafi kyawun inganci, a ajiye wannan a matsayin uwa, a yi tacewa a kan kwafinsa, sannan a matse daidai da bukata. Ya kamata a ajiye uwar a wuri biyu daban-daban, a rubuta mata sunan biki da shekara, kuma kada a yar da kaset muddin yana wasa. Babi na gaba zai dubi matsayin waɗannan hotuna wajen adana al'adun aure a yankin.