Sabulun Ƙarfe: Farar Hodar da Ke Iya Tarwatsa Masana'anta

Duk wanda ya taɓa wanka da ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa ya san farin daskararren nan da ke maƙalewa a gefen bokiti. Sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan ne ya haɗu da kitsen sabulu, suka ba da wani sabon sabulu wanda ruwa ba ya narkarwa. Masana suna kiran irinsa sabulun ƙarfe, kuma masana'antu da gangan suke haɗa shi, tan-tan, su ɗura a buhuna. Asalinsa wani sinadarin kitse ne, sitiyarik asid, wanda ake samu daga kitsen shanu da manja, yana kuma da yawa a man kaɗe. Idan aka haɗa shi da zinki, ko kalsiyam, ko magniziyam, ko alminiyam, sai a sami farar hoda mai laushi da santsi wadda ake kira sitiyaret.

Kuna ma'amala da ita ba tare da kun sani ba. Tana cikin ƙwayoyin magani, don kada su manne wa injin da ke buga su. Tana cikin hodar kwalliya, da bututun ruwa na roba, da silifas, da fenti. Ma'aikatan kamfanonin roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano sun san irin buhunan nan, ko da ba su riƙe sunan abin da ke ciki ba.

Kalmar "ƙarfe" ce take yaudarar mutane. A sitiyaret na zinki, ƙarfen wajen kashi 10 cikin 100 ne kawai na nauyinsa. Na kalsiyam bai kai kashi 7 ba, na magniziyam kuwa kashi 4 ne kacal. Sauran duk kitse ne. Wato abin da ke cikin buhun ɗan'uwan kyandir ne da aka niƙe ya fi garin alkama laushi.

Idan aka duba takardar bayanin kariya da ke zuwa tare da kayan, lambobin farko kan kwantar da hankali. Sitiyaret na zinki yana narkewa a tsakanin digiri 120 zuwa 130 a ma'aunin Salshiyas. Tururinsa ba ya kama wuta sai ya kai wajen digiri 277, ba ya kuma kamawa da kansa sai wajen digiri 420. Kwatanta da fetur, wanda tururinsa ke kamawa ko a sanyin da ya fi na ƙanƙara. Mai masana'anta zai karanta ya ce ai babu matsala. Sai dai waɗannan lambobi suna magana ne kan narkakken abu a cikin kofin gwaji. Ba su ce komai ba game da hodar da ta tashi ta bazu a iska, alhali a nan mutuwa take.

Matan da ke girki sun san wannan dokar. Gungume yakan daɗe kafin ya kama, faskare ya fi shi sauri, ƙiraruwa kuwa nan da nan. Da zarar an ƙara yanyanka abu, an ƙara buɗe jikinsa ga iska. Hoda ita ce ƙarshen yanyankawa: kowace ƙwaya iska ta zagaye ta, tana kamawa ta miƙa wa ta kusa da ita, cikin ƙiftawar ido gajimaren duka ya cinye. Idan hakan ya faru a fili, harshen wuta ne zai tashi ya ƙona duk wanda ke kusa. Idan kuwa a rufaffen wuri ne, kamar cikin injin gauraya ko na'urar tsotse ƙura, iskar da ta yi zafi ba ta da mafita, sai matsinta ya ninka na iskar waje sau bakwai zuwa goma. Bangon bulo ba ya jure ko ɗan kaso na wannan. Shi ya sa masu binciken gobara ke cewa abu biyar ke haɗuwa kafin ƙura ta fashe: ƙurar kanta, iska, tartsatsi, bazuwa, da rufaffen wuri.

Ƙura nawa ake buƙata? Ga sitiyaret na zinki, giram 20 a kowace mita kubik ta iska ya isa. Mu yi lissafi. A ce mita kubik ɗaya ta hodar tana da nauyin kilo 300, kuma ta kwanta a ƙasa da kaurin milimita ɗaya. Kowace murabba'in mita tana ɗauke da giram 300 ke nan. Idan wani abu ya girgiza ta ta bazu a ɗaki mai tsawon mita biyar, kowace mita kubik za ta sami giram 60, ninki uku na abin da ake buƙata. Saboda haka ne ƙa'idar ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, NFPA, ta ɗauki kaurin da bai kai milimita ɗaya ba a matsayin haɗari, muddin ya rufe kashi 5 cikin 100 na faɗin ɗakin. Idan za ka iya rubuta sunanka da yatsa a kan ƙarfen rufi, to lokacin shara ya wuce.

Abin da ya faru a garin Kinston na jihar Karolina ta Arewa ranar 29 ga Janairun 2003 ya cancanci a tsaya a kansa. Masana'antar West Pharmaceutical tana yin murafun roba na kwalaben allura, wuri ne da ake gogewa kullum har yana ƙyalli. Don kada faifan roba su manne da juna, ana tsoma su cikin ruwan da aka dama da hoda, sannan fanka ta busar da su. Har zuwa 1996 sitiyaret na zinki suke amfani da shi, daga baya suka koma ga hodar foliyetilin, kuma dukansu biyu suna ci da wuta. A cikin ruwa babu abin tsoro. Amma da ta bushe, sai iska ta riƙa kwasarta tana kaiwa saman silin, inda babu mai leƙawa, shekara da shekaru. Ran da ta tashi, mutum shida suka mutu, 38 suka jikkata. Hodar foliyetilin ce aka ɗora wa alhakin fashewar, sai dai hanyar da ta bi ta hau silin ita ce hanyar da kowace hoda mai laushi za ta bi. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka, CSB, ta ƙirga daga baya cewa tsakanin 1980 da 2005 an yi haɗurran ƙura 281 a ƙasar, mutum 119 suka rasu, 718 suka ji rauni. Yawanci ƙaramar fashewa ce ke fara girgiza gini, ƙurar da ke kwance a sama ta zubo, sai ta biyu ta biyo, kuma ta biyun ce ke kisa.

Auna haɗarin da gaske aikin ɗakin gwaji ne. Ana fesa samfurin hodar cikin wata ƙwallon ƙarfe mai cin lita 20, a kunna mata wuta, a auna ƙarfin matsin da saurin hawansa. Daga nan ake fitar da lambar Kst: zuwa 200 mataki na ɗaya, zuwa 300 na biyu, sama da haka na uku. Kada "mataki na ɗaya" ya ruɗe ku, domin sukari a nan yake, kuma ƙurar sukari ce ta kashe mutum 14 a matatar Imperial Sugar da ke jihar Jojiya a Fabrairun 2008. Wani gwajin kuma yana neman mafi ƙanƙantar tartsatsin da zai kunna gajimaren. A nan sabulun ƙarfe ke da ban tsoro, don ga na zinki da na alminiyam, milijul 10 ko kusa da haka ya wadatar, kuma jikin mutum kan tara caji ya kai hakan. Kun san ɗan tartsatsin da ke tsunkulin yatsa idan an taɓa ƙofar mota a hunturu? Irinsa ne. Bushewar iskar hunturu tana ƙara tara caji a buhun leda da tufafi, don haka ma'aikacin da ke zazzage buhu a bakin injin a watan Janairu yana cikin haɗarin da ya fi na damina. Sakamakon gwaji kuma na hodar da aka gwada ne kaɗai. Idan aka sauya mai sayarwa, ko aka kawo wadda ta fi laushi, lambobin na iya sauyawa.

Akwai sabulun ƙarfe na ruwa-ruwa, irin na kobal da manganis da ake zubawa a fenti don ya bushe da wuri. Waɗannan haɗarinsu na man da aka narkar da su a ciki ne, wanda tururinsa kan kama a wajen digiri 40, zafin da sito mai rufin kwano ke zarcewa a bazara. Suna kuma hanzarta ɗumamar tsummokaran da aka goge fenti mai man linsid da su, har su kama wuta da kansu idan an tara su wuri guda. Tsummokaran man linsid ne suka tayar da gobarar benen One Meridian Plaza a Filadelfiya a Fabrairun 1991, inda 'yan kwana-kwana uku suka rasu.

Yawancin rigakafin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kada a busa ƙura da iskar kwamfaresa, kada a share ta da ƙarfi har ta tashi; a tsotse ta da injin da aka ƙera don ƙura mai kama wuta, ko a kwashe ta a hankali. A haɗa injuna da waya zuwa ƙasa don caji ya zurare. Kada mai walda ya kunna wuta sai an tsaftace wurin har sama. A duba boris da bel da ke ɗaukar zafi. Idan akwai zaɓi, a sayi sabulun a dunƙule ko ɓarza maimakon hoda. Na'urar tsotse ƙura kuwa, a waje ya kamata ta zauna, da ƙofar da za ta ɓalle ta saki matsi zuwa inda babu mutane.

Idan wuta ta riga ta kama tarin hodar, kada a auna mata bakin mesa kai tsaye. Ruwa ba ya jiƙa ta, ƙarfinsa zai tashe ta ne kawai ta zama gajimare a kan wuta. Feshi mai laushi kamar yayyafi, ko kumfar kashe gobara, shi ya dace. A kuma tuna tana narkewa ta malala kamar mai, tana ɗauke da wutar zuwa kwata da ƙarƙashin injuna. Hayaƙin na zinki yana jawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i, don haka duk wanda ya shaƙa a kai shi asibiti a gaya wa likita sunan abin da ya ƙone.